Daga Iniadi Zuwa Chakti: Tarihin Ƙara wa Hatsi Sinadaran Gina Jiki a Ƙasar Dendi da Kewayenta

Garin Malanbil yana bakin kogin Kwara ne, a ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, cikin lardin Alibori. Gada ce ta haɗa shi da Gaya ta ƙasar Nijar, Kamba ta jihar Kabi kuma ba ta da nisa da shi. Ya samo sunansa daga Henri Malan, ɗaya daga cikin gwamnonin Faransa a Dahome, amma abin da ya ɗaukaka shi kasuwa ce, wadda ake lissafa ta a matsayin ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano. Dendawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani duk suna haɗuwa a cikinta. Masara da garin rogo da doya suna haurowa daga kudu, gero da dawa da wake da albasa suna shigowa daga ƙauyukan kogi da ƙetarensa, ga kuma shinkafar da ake nomawa a fadamun garin.

Mai sayen hatsi a irin wannan kasuwa yana da hanyoyinsa na gwaji. Yakan dubi launi, ya tsoma hannu cikin buhu ya ji ko da tsakuwa, ya ciji ƙwaya ya san bushewarta, ya duba ko ƙwari sun fara ci. Abu guda ne idonsa da haƙorinsa ba za su gaya masa ba, wato yawan sinadarin ƙarfe ko zinki ko bitamin A da ke cikin ƙwayar. Tarihin da za a bibiya a nan na wannan ɓoyayyen abu ne, da na masanan da suka shafe fiye da shekara hamsin suna neman hanyar ganinsa da ƙara shi.

Yunwar da ba ta hana ƙoshi

Mutum zai iya cin tuwo safe da dare ya ƙoshi, jikinsa kuwa yana cikin rashi. Wannan ne masana suke kira ɓoyayyiyar yunwa. Rashin isasshen ƙarfe yana jawo ƙarancin jini da kasala, yana kuma jefa mai ciki cikin haɗari lokacin haihuwa. Rashin bitamin A shi ke kawo dundumi, ciwon da Bahaushe ya daɗe da sani har ya raɗa masa suna, kuma yana raunana garkuwar yaro a gaban ƙyanda da gudawa. A 1986 likitan ido Alfred Sommer da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a Indonesiya, wanda ya nuna cewa bai wa yara ƙanana bitamin A ya rage mace-macensu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Benin tsakanin 2017 da 2018 kuwa ya sami ƙarancin jini a jikin kusan kashi 72 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da kusan kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa.

Maganin farko da gwamnatoci suka runguma shi ne raba ƙwayoyin magani da zuba sinadarai a abincin masana'antu. Nijeriya, alal misali, ta wajabta sa bitamin A a fulawa da sukari da man girki tun farkon shekarun 2000. Dabara ce mai amfani ga mai sayen kayan kanti. Amma matar da take ɗebo damin gero daga rumbu, ta sussuka, ta surfa, ta aika yarinya injin niƙa na unguwa, babu inda abincinta ya ratsa ta masana'anta balle a zuba masa wani abu. Daga nan tunani ya karkata zuwa ga iri: idan ba za a iya kai sinadari cikin tukunya ba, a sa shuka ta tara shi da kanta.

Masarar da ta fara buɗe hanya

A 1964, a Jami'ar Purdue ta Amurka, Edwin Mertz da Oliver Nelson da Lynn Bates suka gano cewa wata ƙwayar gado ta masara da ake kira opaque-2 tana ƙara yawan laisin, ɗaya daga cikin tubalan furotin da masara ta saba ƙarantawa. An yi murna, sai dai murnar ba ta daɗe ba. Ƙwayar sabuwar masarar tana da laushi kamar alli, ba ta da nauyi, ƙwari kuma suna gama da ita a rumbu. Sai da Evangelina Villegas da Surinder Vasal na cibiyar CIMMYT ta Meziko suka shafe shekaru suna auratayya tsakanin iri da iri kafin su dawo mata da taurinta ba tare da ta rasa ingancin furotin ba. A 1992 ƙasar Gana ta fitar da irin da ta kira Obatanpa, wato uwa mai kyakkyawan reno a harshen Akan, ya kuma bazu zuwa ƙasashen maƙwabta. Darasin da masu kiwon iri suka ɗauka daga wannan dogon aiki shi ne, manomi ba ya shuka abin da zai rage masa dami, komai amfaninsa ga jiki.

A daidai wannan zamani ilimin ƙwayoyin halitta yana sauya kama. An bayyana siffar DNA a 1953. A 1973 aka fara yanko gutsuren DNA daga wata halitta a dasa a wata. A 1983 Kary Mullis ya ƙirƙiro dabarar PCR, wadda take hayayyafa ɗan guntun DNA sau miliyoyi har a iya karanta shi. Daga waɗannan aka sami hanyoyi biyu da ya kamata ɗalibi ya bambance su, domin jama'a sukan cakuɗa su. Ta farko ita ce karantawa: a tsinki ɗan ganye daga tsiro, a duba ko yana ɗauke da alamar ƙwayar gadon da ake nema, a ajiye mai ita, a tuge marar ita, ba sai an jira girbi ba. Ba a ƙara wa shukar komai daga waje. Ta biyu ita ce dasawa: a ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta dabam a sa wa shukar abin da ba ta gada ba.

Manyan alkawura

Hanya ta biyu ce ta fi jan hankalin duniya. A shekara ta 2000 Ingo Potrykus da Peter Beyer suka sanar da shinkafar zinariya, wadda aka dasa mata ƙwayoyin gado daga wata fure da wata ƙwayar bakteriya domin ta riƙa tara sinadarin karotin, wanda jiki yake mayarwa bitamin A. A 2005 aka fito da zubi na biyu mai ƙwayar gado daga masara, wanda ya ninka na farko nesa ba kusa ba. Duk da haka sai a 2021 ƙasar Filifin ta ba da izinin noma ta, a 2024 kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta dakatar da izinin. Shekara ashirin da huɗu ke nan tsakanin ɗakin bincike da zauren kotu.

Afirka ma ta sami nata kason. A 2005 aka ƙaddamar da shirin inganta dawa ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar Africa Harvest ta Florence Wambugu 'yar Kenya, da tallafin gidauniyar Gates da fasahar kamfanin Pioneer. Manufarsa ita ce a samar da dawa mai karotin, wadda jiki zai fi iya tsotsar ƙarfe da zinki daga cikinta. An yi gwajinta a killatattun filaye, ciki har da na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. A nan aka ci karo da wata matsala mai ban sha'awa: karotin yana lalacewa cikin sauri idan hatsi ya zauna a ajiye, dawa kuwa abincin rumbu ce da ake ci tun daga kaka har zuwa wata damina. Masanan suka ƙara wata ƙwayar gado daga sha'ir mai haɓaka bitamin E, wanda yake kare karotin daga iska, suka wallafa sakamakon a 2016. Aiki ne mai kyau ta fuskar ilimi, amma dawar ba ta kai hannun manoma ba.

Yana da kyau a tuna, ko da a taƙaice, cewa ƙasar Hausa ta riga ta mallaki dawa mai rawayan ciki, wato ƙaura. Tun shekarun 1950 aka kwashi samfurinta zuwa Amurka, ta zama tushen rawayar dawa a can. Sai dai galibin launin nata na wasu dangin karotin ne da jiki ba ya mayar da su bitamin A.

Cikin abin da ya fito daga hanyar dasawa ya isa gona a wannan yanki akwai wake. A 2019 Nijeriya ta amince da SAMPEA 20-T, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku da abokan aikinsa na Samaru suka jagoranci samarwa, mai ɗauke da ƙwayar gadon bakteriya da ke kashe tsutsar maruka mai huda furen wake da kwansonsa. Amfaninsa ga lafiya ta bayan gida ya biyo: manomin da yakan yi feshi sau shida zuwa takwas zai iya tsayawa a kan biyu, guba ta ragu a jikinsa da cikin abinci. Benin kuwa wata hanya ta ɗauka, domin a 2002 ta dakatar da shigo da irin waɗannan shuke-shuke na shekara biyar, ta kuma sabunta dakatarwar a 2008. Ke nan ƙasashe biyu masu cin kasuwa ɗaya sun yi shekaru suna bin doka biyu a kan ƙwaya ɗaya.

Aikin da ba a yi masa shela ba

Hanyar karantawa ba ta sami irin wannan suna ba, amma ita ce ta fi cika buhu. A 2003 aka kafa shirin HarvestPlus ƙarƙashin Howarth Bouis, masanin tattalin arziki da ya daɗe yana jayayya cewa ana iya kiwon iri don gina jiki kamar yadda ake kiwonsa don yawan amfani. A 2008 aka gano cewa bambancin da ke cikin wata ƙwayar gadon masara mai suna lcyE shi ke karkatar da sinadarai zuwa ɓangaren da ke haifar da bitamin A. A 2010 aka gano ta biyu, crtRB1, wadda wani nau'inta yake hana karotin rikiɗewa zuwa abin da bai kai shi amfani ba. Waɗannan nau'o'i suna nan tun asali cikin wasu masaru na duniya, ba wanda ya ƙirƙire su. Ganinsu ne ya gagara. Da aka sami alamominsu, masu kiwon iri a CIMMYT da cibiyar IITA ta Ibadan suka riƙa tantance dubban tsirrai da ɗan ganye maimakon gwajin ƙwaya mai tsada. Nijeriya ta fitar da rogo mai rawayan ciki a ƙarshen 2011, da masara mai ruwan lemo a 2012, Samaru kuma ta biyo da nata nau'o'in da ke ɗauke da sunan SAMMAZ. Zubin farko bai wuce kusan rabin mizanin da aka sa gaba ba, wato maikurogiram 15 a kowane giram. Na baya ne suka matso kusa.

Labarin gero shi ya fi kusa da Malanbil, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Gero ɗan asalin wannan nahiya ne. An tono ƙwayoyinsa na noma a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali masu shekaru kusan 4,500. A arewacin Togo da Gana da sassan da ke maƙwabtaka da su akwai wani tsohon irin gero da manoma suke kira iniadi, mai manyan ƙwayoyi masu ruwan toka, mai saurin nuna, wanda ake girbewa a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Masu tattara iri suka kai shi cibiyar ICRISAT da aka kafa a 1972 kusa da Haidarabad a Indiya. Daga zuriyarsa aka fitar da ICTP 8203, wanda Indiya ta saki a 1988, manoman jihar Maharashtra suka karɓe shi hannu bibbiyu saboda girman ƙwaya da saurin nuna. Daga wannan tsatso ne kuma Namibiya ta sami geronta mai suna Okashana 1. A duk wannan lokaci ba wanda yake maganar ƙarfe.

Sai da aka fara auna dubban samfura a shekarun 2000 aka lura cewa zuriyar iniadi ta yi wa sauran fintinkau wajen ƙarfe da zinki. Aka sake tace ICTP 8203, aka zaɓo layukan da suka fi ƙarfe, aka sami Dhanashakti, wanda aka saki a duk Indiya a 2014. Sa'an nan aikin ya juyo gida. A tashar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, tare da cibiyar INRAN ta Nijar, aka gwada irin wannan gero a ƙasar Sahel, a 2018 kuma Nijar ta saki Chakti, geron farko mai ƙarin ƙarfe da aka fitar a Afirka. Yana ɗauke da fiye da miligiram 60 na ƙarfe a kowane kilo, alhali geron da aka saba nomawa yakan tsaya ƙasa da 50, kuma yana nuna da wuri.

Gaskiyar tarihi ta tilasta a faɗi cewa ba dasa ƙwayar gado aka yi aka sami Chakti ba, ba ma alamomin DNA ne suka yi babban aikin ba. Zaɓe ne da auratayya, da wata na'ura mai haska garin hatsi ta faɗi yawan ƙarfensa cikin 'yan mintuna. Ilimin ƙwayoyin halitta daga baya ya cim ma tafiyar: a 2017 tawagar da Rajeev Varshney ya jagoranta ta wallafa cikakken jerin DNA na gero, mai ƙwayoyin gado kusan 38,000, aka kuma fara gano sassan da suke tafiyar da tara ƙarfe da zinki. Ƙarfe ba kamar karotin ba ne da ƙwayoyin gado biyu ko uku suke juya akalarsa. Ƙwayoyi da yawa ne kowace take ba da ɗan kaɗan, shi ya sa karanta su ya fi wuya. Amfanin wannan jeri zai fi bayyana a nau'o'in da ke tafe. Shi kuwa ƙarfen kansa, manoman da suka yi ɗaruruwan shekaru suna ware zangarniyar iri a bakin rumbu su ne suka adana shi, ba tare da sun san sunansa ba.

Daga ƙwaya zuwa jini

Samun ƙarfe a ƙwaya daban, isarsa cikin jini daban. A kan wannan tambaya arewacin Benin ya shiga littattafan ilimi kai tsaye. Colin Cercamondi na makarantar ETH ta Zurik, tare da masana na Benin, sun ciyar da wasu matasan mata tuwon gero iri-iri da aka yi wa ƙarfensa alama don a bi sawunsa a jiki. Sakamakon da suka wallafa a 2013 ya nuna cewa ƙarfen da jiki ya tsotsa daga geron da aka inganta ya ninka na geron gida sau biyu. Tun kafin nan, a 2010, wannan tawaga ta nuna wani abu da ya fi tayar da hankali: macen da ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jininta, ko da ba ta jin zazzaɓi, hanjinta yana rage tsotsar ƙarfe, sai an yi mata magani yake farfaɗowa. Ga garin da ke zaune tsakanin kogi da fadamun shinkafa, wannan ba ƙaramin zance ba ne. Gidan sauro da irin shuka aiki ɗaya suke yi, ko da yake ma'aikatu daban-daban suke kula da su.

Turmi ma yana da ta cewa. Wani kaso na ƙarfe da zinki yana bayan ƙwaya ne da ɗan idonta, don haka surfe mai tsanani yakan tafi da shi cikin dusa, awaki su amfana. A ɗaya ɓangaren, dusar tana ɗauke da wani kaso na faitet, sinadarin da ke ɗaure ƙarfe ya hana jiki tsotsarsa. Jiƙo da barin ƙullu ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, suna warware wani ɓangare na wannan ɗauri. Ke nan koko da fura da tuwo da aka yi daga mudu guda ba lalle su ba jiki abu ɗaya ba. Masara mai ruwan lemo kuwa tata matsalar biyu ce: karotin ɗinta yana raguwa da daɗewar ajiya, sannan mutanen da suka saba da farin tuwo sai an sha fama kafin su yarda da launinta. Gero bai da wannan matsala ta launi, amma yana da kishiyarta. Tunda ƙarfe ba ya ganuwa, dillali ba shi da hujjar ƙara wa buhun Chakti ko sisi, kuma ba abin da zai hana shi gauraya shi da wani.

Gada

A 2008 ƙungiyar ECOWAS ta zartar da dokar iri ta bai-ɗaya, wadda ƙungiyoyin UEMOA da CILSS suka yi tarayya a cikinta. Ƙa'idar ita ce irin da aka yi wa rajista a ƙasa guda ana iya sayar da shi a sauran. Da aka saki Chakti a Nijar, wannan doka ce ta buɗe masa ƙofar maƙwabta, Malanbil kuwa ita ce ƙofar Benin mafi kusa da Sadore.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe gadar Malanbil da Gaya. Manyan motoci suka yi jerin gwano, mutane da kaya suka koma ƙetare kogi da kwale-kwale. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ci gaba da rufe nata. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, ko da yake Nijar tana nan cikin UEMOA.

Wannan ya shafi gero fiye da yadda ya shafi wake ko shinkafa, saboda yadda kowannensu yake haihuwa. Wake da shinkafa galibi kansu suke yi wa barbara, don haka manomi zai iya ajiye irinsu shekara da shekaru bai sauya ba. Gero kuwa iska ce take kwasar garin furensa daga gona zuwa gona. Wanda ya shuka Chakti kusa da geron maƙwabcinsa, ya ware iri daga girbinsa, ya sake warewa baɗi, zai ga ƙwayar tana nan da kamarta, amma gadon ƙarfen yana tsarmuwa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa masu kiwon iri suke ba da shawarar a sabunta shi bayan 'yan damuna, daga tsabtataccen irin da aka noma a keɓe. Tushen wannan tsabtataccen iri yana Sadore da gonakin masu hayayyafa iri na Nijar, a ƙetaren iyaka.